Motar Da Ke Turke Ita Ma Tana Bukatar Juye

Akwai wata mas'ala da ke yawan jawo gardama tsakanin masu mota da makanikai, watau ta motar da ba ta cika fita ba. Wani malami ne, ba ya taɓa motarsa sai ran Juma'a, ko in an gayyace shi ɗaurin aure ko suna. Wani kuwa attajiri ne, daga gida sai Kantin Kwari, daga Kantin Kwari sai gida, tafiyar da ba ta fi minti 10 ba. Shekara ta zagayo, mota ba ta yi tafiyar kilomita 2,000 ba. In makanike ya ce lokacin juyen baƙin mai ya yi, sai mai mota ya ce, "Wane aiki man ya yi da za a zubar da shi?"

Maƙeran motoci sun riga sun yanke wannan magana a cikin littafin da ke zuwa da kowace mota. Sharaɗi biyu suka kafa, nisan tafiya da tsawon lokaci, wanda duk ya riga cika shi za a bi. Ga misali, kamfanin Toyota a Amurka ya ƙayyade wa yawancin motocinsa masu shan man zamani, wanda makanikai ke kira sintetik, mil 10,000, watau kimanin kilomita 16,000, ko kuwa wata 12. In motar tana bin hanya mai ƙura, sai ya rage zuwa mil 5,000 ko wata 6. Ashe ke nan ko mota ba ta motsa ba, kwanakinta suna tafiya.

Dalilin haka kuwa shi ne ruwa. Duk litar fetur ɗaya da inji ya ƙone, yana haifar da ruwa kusan lita ɗaya, a siffar tururi. Mafi yawansa yana fita ta salansa, shi ne ɗigon da a kan gani a bayan mota da safiyar hunturu. Amma kaɗan daga ciki yana sulalewa ta gefen fistin ya gangara wurin mai, tare da ɗanyen fetur da bai ƙone ba da kuma ƙunar hayaƙi. In mota ta yi doguwar tafiya mai ya ɗauki zafi sosai, sai ruwan da fetur ɗin su ƙafe su fice. In kuwa tafiyar gajera ce, aka kashe inji tun bai gama ɗaukar zafi ba, sai su kwanta a ciki, na yau ya tarar da na jiya. A hankali ruwan nan da ƙunar nan su haɗu su zama wani tsami mai cin ƙarfe, fetur ya tsinka man ya rage masa kauri, magungunan da aka zuba a cikinsa domin tsare inji su ƙare, dauɗa ta daskare kamar taɓo ta toshe hanyoyin mai. Man da ke cikin galan a rufe yana iya shekaru bai ɓaci ba, amma wanda ya shiga inji hukuncinsa dabam ne.

Da yawa suna zaton in sun ta da mota kowace safiya suka bar ta tana aiki a tsaye minti 5, sun kyauta mata. Alhali kuwa ƙara mata ciwo suka yi, domin wannan ɗan ɗumi ya isa ya tara ruwa, bai isa ya kore shi ba. Masu dawaki sun san dokin salla ba a barinsa a turke shekara guda sai an riƙa fitar da shi kilisa. Mota ma haka take. Kowane mako biyu ya kamata a hau da ita babbar hanya a yi tafiyar rabin sa'a ko fiye, kamar daga Kano zuwa Wudil a komo. Wannan kilisa har batir ma tana amfana masa.

Saboda haka ƙa'idar mai sauƙi ce. Motar da ke shan man zamani, kada ta wuce shekara ba a yi mata juye ba, kome ƙarancin tafiyarta. Wadda ke shan mai na gama-gari, ko wadda aikinta gajerun tafiye-tafiye ne cikin ƙurar gari, gara a yi mata sau biyu, ɗaya bayan ɗaukewar damina, ɗaya bayan wucewar hunturu. Duk ran da aka yi juye a sake filta, domin sabon mai da tsohuwar filta kamar zuba ruwan sha ne a tulun da ba a wanke ba. Wanda ke tsoron mantuwa ya ɗaura abin a kan wani lokaci sananne, kamar jajiberin babbar salla; tun da shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, ba zai taɓa ƙetare wa'adi ba. Falken da zai yi wata da watanni a wata ƙasa kuwa, ya yi juyen kafin ya tashi, kada ya bar inji ya kwana cikin gurɓataccen mai har ya komo.

Tsakanin juye da juye, a riƙa zare gejin mai ana dubawa sau ɗaya a wata. Baƙin launi kaɗai ba aibi ba ne, domin kwasar dauɗa yana cikin aikin mai. Abin tsoro shi ne a ji yana warin fetur, ko a ga ya ƙaru a geji alhali ba a ƙara ba, ko a buɗe murfi a tarar da wani abu fari-fari kamar koko. In an ga ɗaya daga cikin waɗannan, sai gareji, ba jiran wata.

Kuɗin mai da filta ba su kai kusa da kuɗin inji ba in ya buga. Motar ajiya kuwa ranar larura a ke nemanta, ranar kai mara lafiya asibiti da tsakar dare ko ranar tafiya ta'aziyya wani gari, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.