Yashin da ke toshe rijiyoyin man Neja Delta

Duk lokacin da kwamitin rabon arzikin ƙasa na FAAC ya zauna a Abuja aka tarar kuɗin mai bai kai abin da aka yi hasashe ba, bayanin da ake bayarwa kusan ɗaya ne: ɓarayin ɗanyen mai da masu fasa bututu. Ba shakka sun yi wa ƙasar nan ɓarna mai yawa. Sai dai akwai wani abin da ke rage gangunan mai wanda ba kasafai ake jin sunansa a taron manema labarai ba, wato yashi.

Mutane da yawa na zaton mai yana kwance ne a ƙarƙashin ƙasa kamar tafki. A zahiri yana maƙale ne a cikin ’yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi, kamar ruwa a jikin soso. A yankin Neja Delta, inda aka fara samun mai a Oloibiri a 1956, mafi yawansa yana cikin shimfiɗar da masana ke kira Agbada: yashin da koguna suka yi miliyoyin shekaru suna jibgewa, hawa-hawa, da laka a tsakani. Ƙwayoyinsa ba su gama haɗewa sun zama dutse mai ƙarfi ba. Wannan ne ya sa mai ke gudana cikinsa da sauƙi, shi ne kuma ya sa yake biyo man zuwa cikin rijiya. Wanda ya taɓa ganin yadda rijiyar ruwa ke ruftawa a ƙasa mai rairayi idan ba a ɗaure ta da siminti ba ya riga ya fahimci rabin matsalar.

Lamarin yana tsananta ne idan rijiya ta tsufa. Matsin man da ke cikin kafofin nan yana taya ƙwayoyin yashi ɗaukar nauyin ƙasar da ke bisansu. Yayin da ake kwashe man, matsin na raguwa, nauyin ya koma kan ƙwayoyin har su farfashe. Daga baya sai ruwan da ke ƙarƙashin man ya fara shigowa. Yaran da ke gina ɗaki da yashi a kan ƙafarsu bayan ruwan sama sun san cewa ɗan damshi ne ke riƙe ginin, ruwa mai yawa kuwa rusa shi yake yi. Haka abin yake a zurfin dubban ƙafafu. Idan kuma aka buɗe bawul sosai don a samu ganguna da yawa, ƙarfin zuƙar sai ya fizgo ƙwayoyin da suka riga suka saki.

Yashin da ya taso da gudu yana cin ƙarfe kamar magagari. Yana huda bawul da gwiwar bututu, yana cika tankunan da ke raba mai da ruwa da iskar gas, wani lokaci ya taru a gindin rijiyar har ta daina ba da komai.

Magungunan sanannu ne. Ana saka rariyar ƙarfe a daidai inda mai ke shigowa, a kewaye ta da ƙananan tsakuwa da aka tace girmansu, su tare yashin su bar mai ya wuce. Ana kuma tura wani sinadari mai danƙo ya manne ƙwayoyin. Kowannensu yana da tsada, yakan kuma rage gudun man, musamman idan rariyar ta fara toshewa. Mafi araha shi ne a matse bawul a haƙura da ganguna kaɗan.

A nan ne batun ya shafi masu tsara kasafin kuɗi. An gina kasafin 2025 a kan ganga miliyan 2.06 a kullum, adadin da ba a cimma ba. Hukumar NUPRC kuma ta ƙaddamar da shirin ƙara ganga miliyan ɗaya a kullum a Oktoban 2024, kuma farfaɗo da rijiyoyin da ke rufe na cikin hanyoyin da aka dogara da su. Da yawa daga cikin tsofaffin rijiyoyin yanzu suna hannun kamfanonin cikin gida: Oando ya sayi kadarorin Agip, Seplat ya karɓi na ExxonMobil, Renaissance kuma ya gaji na Shell da ke kan tudu. Sun gaji man, sun kuma gaji shekarun rijiyoyin.

A ganina, haɗarin shi ne gaggawa. Kamfanin da ke da bashin banki a wuyansa, gwamnati kuma na matsa masa ya ƙara yawan mai, zai iya buɗe bawul fiye da ƙima, alƙaluman wata uku su yi kyau, sannan rijiyar ta cika da yashi. Gyaranta yana buƙatar hayar injin haƙa ko na yashe rijiya, da dala ake biya, kuma sai an jira layi. Saboda haka hadimin da aka miƙa wa rahoton yawan mai domin ya taƙaita wa maigidansa yana da tambayar da ya kamata ya yi: a cikin rijiyoyin da ke rufe, nawa ne aka rufe saboda an fasa bututu, nawa ne kuma yashi da ruwa suka kashe? Na farko aikin jami’an tsaro ne, na biyu kuwa sai injiniyoyi da jarin gyara.