Idan ka shiga Njamena: rumfar mai shayi da gidan tuwo

 Ga taƙaitaccen bayanin hirarmu ta wannan mako, a kan abin da kowane matafiyi ke fara nema da zarar ya sauke kaya, wato inda zai sa wani abu a cikinsa.

In ka taso daga Maiduguri ka bi ta Gamborun Ngala da Fotokol, ka iso Kuseri ta ƙasar Kamaru, gadar Ngeli da ke kan kogin Logon ita za ta tsallakar da kai Chadi. Akwai kuma wanda ya gangaro da dabbobi ta Masaget ko ta Durbali. Kowa dai da yunwarsa yake isowa. Manyan otal-otal ba namu ba ne. Namu shi ne teburin mai shayi, da rumfar mai tuwo, da wurin mai gashi a gefen Babbar Kasuwa, ko Kasuwar Gero, ko kasuwar Dembe. To amma baƙo ko da ido makaho ne, don haka ga abin da ya kamata ka riƙe.

Fara da sunan abinci. Faransanci da Larabci su ne harsunan gwamnati, amma harshen kasuwa shi ne Larabcin Chadi, irin wanda mutanen Barno ke kira Shuwa. Za ka tarar da masu jin Hausa da Barbarci da Fillanci, sai dai ba a kowace rumfa ba. Tuwon gero ko na dawa sunansa esh. Miya kuwa mulah ake ce mata. In ka ji daraba, kuɓewa ke nan. Sharmut busasshen nama ne da ake dakawa a zuba a miya. Kisar wani siririn gurasa ne mai ɗan tsami, ana cinsa da miya. Marara kayan ciki ne. Da safe akwai madide, wato kunu, da fangasu, ɗan'uwan fankenmu. Zoɓon da muka sani, can karkanji ne. Kifi kuma ba a magana, tunda gari ne a bakin kogin Shari: akwai ɗanye, akwai banda, akwai busasshen da ake kira salanga. Masu gashi suna da naman sa da na rago, har da na raƙumi.

Shayi iri biyu ne, ja da kore. Jan shi ne ahmar, koren akhdar. A ɗan ƙaramin kofin gilashi ake ba ka, sukari kuwa ba a yi masa rowa. In kana da ciwon sukari, faɗa tun kafin a zuba.

Sai maganar kuɗi, kuma nan ne baƙi suka fi shan wuya. Kuɗin Chadi sefa ce, irin ta Kamaru. Ba ita ce sefar Nijar ba, duk da darajarsu ɗaya ce a hukumance. Mai tuwo ba za ta karɓi takardar Nijar ba, balle naira, sai ka canza. In ka canza, nemi ƙananan kuɗi, domin rashin canji yakan haddasa gardama a kan kwano ɗaya.

Ga inda gizo ke saƙa. A Larabcin kasuwa da riyal ake ƙirga, riyal ɗaya kuwa faran 5 ne. Mutanen Maraɗi da Damagaram ba za su sha wahala ba, tunda daidai yake da dalarsu. Amma ɗan Kano da ya saba da naira sai ya natsu. In an ce maka ishirin, faran 100 ake nufi. Hamsin, 250. In kuwa ka tambayi kuɗin abinci aka ce maka "miya", ba ƙarin miya ake yi maka tayi ba! Miya a Larabci ɗari ce, wato faran 500. Miten faran 1,000 ne, jaka guda. Alif kuma 5,000. Amma mai yi maka Faransanci faran tsagwaronsa yake faɗa, ba ya ninkawa. Saboda haka kafin ka sa hannu a kwano, ce "be kam?", wato nawa ne, sannan ka nuna kuɗin a tafin hannunka a yarda. Wanda ya ruɗe a kan kofin shayi, ya kake gani in aka zo cinikin sa?

Na uku, lafiyar cikinka. Daga Maris zuwa Mayu zafin Njamena yakan haura digiri 40, abinci ba ya jimawa yake lalacewa. Da damina kuma ruwa yakan kwanta a unguwanni, kuma ba a manta da kwalarar da ta addabi ƙasashen Tafkin Chadi a 2010 da 2011 ba. Zaɓi rumfar da ke cike da mutane, wadda tukunyarta ke kan wuta. Duba ruwan wanke hannu: na buta da ake zubo maka, da sabulu, ya fi kwano ɗaya da kowa ke tsomawa. Nama a ɗora maka shi kan wuta a gabanka. Ƙanƙarar da ba ka san ruwanta ba, haƙura da ita, shayi mai zafi ya fi maka. In gudawa ta kama ka, zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ka riƙa sha, ka nufi asibiti. Kwana uku a kwance a garin mutane, ai ribar tafiya ta tafi.

A sani kuma, Njamena gari ne na Musulmi da Kirista. A unguwanni irin su Mursal da Shaguwa akwai wuraren cin abinci masu sayar da giya, kuma abin da ake kira kabare gidan burkutu ne. Tambaya ba laifi ba ce, sai dai a yi ta da ladabi.

Daga ƙarshe, ba don tuwo kaɗai ake zama a rumfa ba. A kan bencin mai shayi kake jin yadda shanu suka kwana a kasuwa, da halin da hanya take ciki, da direban da zai tashi gobe. In ka tarar ana ci aka ce maka "faddal", bisimilla ke nan, ko loma ɗaya ce ka sa hannun dama. Yi sallama, gaida manya, ka buɗe kunne. Amma bakinka ka tsare shi. Kada ka faɗi yawan dabbobin da ka sayar, ko masaukinka, ko lokacin tashinka. Kada ka zaro damin kuɗi don biyan shayi, ware na abinci a aljihu daban tun daga masauki. Labarin farashi kuma, ji daga baki biyu ko uku kafin ka gaskata, domin dillali ma shayi yake sha.

In ka dace da rumfa mai tsabta da gaskiya, riƙe ta. Mai shayin da ya san fuskarka shi zai ajiye maka saƙo, shi zai ce maka yau kada ka bi hanya kaza.

Allah ya kai kowa gida lafiya, ya sa albarka a nema. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.