Masu Sassaƙa Marmara a Hubbaren Sarakunan Masar

A bayan hubbaren Imam Shafi'i da ke Alƙahira akwai Haush al-Basha, makwancin zuri'ar Muhammad Ali Basha, wanda ya mulki Masar daga 1805 zuwa 1848. A nan aka binne ɗansa Tusun da ya rasu a 1816, da Ibrahim Basha da ya rasu a 1848. Magina ne suka ɗaga ƙubbobin, amma abin da ke riƙe idon mai ziyara aikin masu sassaƙa marmara ne.

Sana'ar tana farawa da mai rubutu, wanda ke zana aya da sunan mamaci a jikin dutse. Daga nan masassaƙi ya ɗauki kurfi da guduma, ya riƙa cire dutsen da ke kewaye da baƙaƙen sannu a hankali har rubutun ya taso, furanni da ganyaye su fito. Sai a goge, a shafa launi da ruwan zinariya. Marmara ba ta yafe kuskure; bugu ɗaya ya kauce, wasali ya tafi ke nan. Shi ya sa yaro kan daɗe yana guga kafin maigidansa, wanda Misirawa ke kira usɗa, ya yarda ya miƙa masa kurfi.

Hannun masassaƙi ne ke shaida wanda ke kwance. A kan ginshiƙin kabarin namiji yakan sassaƙa rawani ko jar dara, a kan na mace kuwa kitso ko kambi. Ko wanda bai iya karatu ba zai gane.

Sana'ar ta ƙara bunƙasa a Masallacin Rifa'i, wanda Khushyar Hanim, mahaifiyar Khidiwi Isma'il, ta sa aka fara a 1869, aka kammala a 1912. Can Sarki Fu'ad da Sarki Faruk suke kwance, tare da Shah na Iran da ya rasu a 1980.

Yau injina ke yanka marmara a Shaƙƙ al-Su'ban, kudu da Alƙahira. Inji yana da sauri, amma bai iya gyaran furen da danshi da gishiri suka cinye ba. Muddin ana son waɗannan gine-gine su ɗore, dole a biya tsofaffin gwanaye su koyar da yara tun da sauran ƙarfinsu.