Me Ya Sa Famfo Ba Ya Bin Sabbin Unguwannin Kano?

'Yan'uwa ɗalibai, a darasin labarin ƙasa an koya mana cewa ruwan saman da ke sauka a Kano yakan haura milimita 800 a yawancin shekaru. Wannan ba ƙaramin ruwa ba ne. Matsalar ita ce kusan dukkansa yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba, sannan gari ya shiga wata bakwai ko takwas na rani. A Agusta ana kwashe ruwa daga ɗaki da bokiti, a Afrilu kuma ana bin 'yan garuwa da kuɗi a hannu. Mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta mun zauna mun duba lamarin, kuma abin da muka gano shi ne ƙishirwar unguwa tana farawa ne tun ranar da aka yanka filayenta, kafin a aza tubali ko ɗaya.

Bari mu fara da girman garin. A ƙidayar 1952 mutanen Kano ba su wuce kimanin 130,000 ba. A ƙidayar 2006 kuwa, ƙananan hukumomi takwas na cikin gari, wato Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Ungogo da Kumbotso, sun haɗa mutum kusan miliyan 2.8, kuma tun daga lokacin gari bai daina faɗaɗa ba. Magabata sun yi nasu ƙoƙarin. An kawo ruwan famfo daga kogin Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. An kammala dam ɗin Tiga a 1974 lokacin Gwamna Audu Baƙo, aka kuma kammala na Challawa da ke Ƙaraye a 1992. Sabuwar matatar Tamburawa an gina ta don tace lita miliyan 150 a rana, ta Watari kuma miliyan 75. Har tsarin gari na shekara ashirin an taɓa rubutawa, wanda aka fi sani da tsarin Trevallion, daga 1963 zuwa 1983. Gari ne ya fi tsarin sauri.

Kowa ya san yadda unguwar awon igiya take tasowa. Mai gona a bakin gari ya sayar, dillalai su auna da igiya su yayyanka ƙananan fulotai, su bar lungun da mota ɗaya ma da ƙyar take wucewa. Ba a ware wurin lambatu ba, ba a ware hanyar bututu ba, balle filin da za a kafa babban tanki. Sai bayan gidaje sun cika maƙil ake tuna ruwa. A lokacin, duk wanda zai kawo bututu sai ya fasa kwata ko ya rushe katangar wani, aikin da zai ci kuɗi kaɗan a fili fetal ya ninka sau da yawa. Ba ma zargin mutanen da suka sayi irin waɗannan filaye, domin da yawa daga cikinmu a can muke zaune, kuma iyayenmu sun saya ne don nan kuɗinsu ya kai.

Da famfo ya ƙi zuwa, kowa sai ya koma ƙasa: mai hali ya haƙa burtsatse, marar hali ya haƙa rijiya. A nan ne ya kamata mu san irin ƙasar da muke takawa. Ƙarƙashin Kano tsohon dutse ne mai tauri. Babu wani kogi da ke gudana a can ƙasa kamar yadda wasu ke zato. Ruwan yana maƙale ne a cikin rubabben dutsen da ke sama-sama da kuma tsagogin da ke cikin mai taurin, kuma damina ce kaɗai ke sake cika shi. Idan gida goma a layi ɗaya suka sa injin suna zuƙa daga tsaga ɗaya, rijiyar maƙwabcin da ba shi da injin ita ce za ta fara ƙafewa.

Akwai kuma batun tsafta. Masana lafiya sukan ba da shawarar a bar tazarar kimanin mita 30 tsakanin rijiya da masai. Fuloti mai ƙafa 50 tsawo da 50 faɗi, kowane gefensa mita 15 ne kawai. Ko mai gida ya kai masansa ƙarshen gida, na maƙwabcinsa yana jingine da katanga. Shi ya sa amai da gudawa da taifot suka fi samun wurin zama a unguwannin da aka matse.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne kududdufai. Tsofaffi sun ce asalinsu ramukan da aka haƙi ƙasar gina gidaje da ganuwa ne. Muna kallonsu a matsayin matattarar sauro da shara, kuma gaskiya ne an ƙazantar da yawancinsu. Amma suna yin ayyuka biyu da ba a biyansu ko sisi. Ranar da aka tafka ruwa su ne ke karɓar wanda ya yi yawa, ya zauna a cikinsu maimakon ya shiga ɗakunan mutane. Bayan haka ruwan yana tsiyaya ƙasa sannu a hankali, ya ciyar da rijiyoyin da ke kewaye har cikin rani. Duk kududdufin da aka cike da bola aka gina shaguna a kansa, unguwar ta yi asara biyu: ambaliya da damina, busasshiyar rijiya da bazara. Haka nan tsakar gidan da aka shafe da siminti daga ƙofa zuwa ƙofa, yana da kyan gani, amma ɗigo ɗaya ba ya shiga ƙasa.

Wani zai ce a ƙara jawo ruwa daga Tiga mana. Ana iya ƙarawa, sai dai ruwan ba na 'yan birni kaɗai ba ne. Da shi manoman shinkafa da tumatir na Kura da Bunkure da Garun Malam suke noman rani, kuma shi ne ke gangarawa Haɗeja har fadamun Nguru, inda masunta da makiyaya ke jiransa.

To, yaya garin da ya fi mu ƙarancin ruwa yake yi? Windhuk, babban birnin Namibiya, ruwan saman da yake samu bai kai rabin na Kano ba, kuma ba shi da kogi mai gudana duk shekara a kusa. Tun 1968 suka fara tace ruwan da aka riga aka yi amfani da shi a gidaje, a matatar Goreangab, su gauraya shi da na dam su mayar cikin famfo. A 2002 suka buɗe sabuwar matata mai iya tace lita miliyan 21 a rana. Sun raba hanyar dagwalon masana'antu da ta ruwan gidaje don kada gubar can ta shiga matatar, kuma a shekarar da dam ya cika sukan tura tataccen ruwa cikin ƙasa su ajiye, inda rana ba za ta shanye shi ba. Mun san wasu za su yamutsa fuska, mu ma mun yamutsa. Amma kafin a kai ga maganar sha, akwai darasi mai sauƙi: ruwan da ke fita daga masana'antun fata na Bompai da Sharaɗa da Challawa, da wanda kogin Jakara ke kwasowa daga cikin gari, da ana tace shi da kyau, da ya isa ban-ruwan lambuna da buga bulo, a bar mai tsabta don tukunya.

A ganinmu, abin da ya fi gaggawa shi ne gonakin bakin gari da ba a riga an yanka ba. A can har yanzu ana iya fitar da titi mai faɗin da zai ɗauki bututu da lambatu, a bar kwari da hanyar ruwa yadda Allah ya yi su, a ware filin tanki ɗaya da burtsatse ɗaya mai kyau ga unguwa maimakon ashirin masu gasa da juna. Wannan aikin hukumar tsara birane ta KNUPDA ne, amma ba zai yiwu ba sai da dagatai da masu unguwanni, domin su ne ke shaida cinikin fili. Tsofaffin unguwanni kuwa gyaransu ya fi wuya, abin da ya rage shi ne a yashe kududdufan da suka tsira, a kewaye su, a hana zuba shara.

Ga lissafin da muke so kowane aji ya gwada. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, a daminar milimita 800, yana karɓar lita 80,000, wato jarka 3,200 mai cin lita 25. Ba duka za a iya tarawa ba, ruwan farko ma da ke wanke ƙura da kashin tsuntsu dole a bar shi ya zube. Ku auna rufin ajinku da taku ko da tef ɗin malamin lissafi, ku ninka da 800, ku raba da 25, ku kawo wa sakataren ƙungiya amsar kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sakamakon kowane aji a wannan allo a fitowa ta gaba.