Ciwon sukari da mutuwar ƙafa: mene ne magani?

Darasinmu na yau ya shafi masu ciwon sukari, musamman waɗanda suke rayuwa da allurar insulin. A Gaffati da sauran garuruwan Damagaram akan ji mai wannan ciwo yana cewa tafin ƙafarsa na zafi da dare kamar ya taka garwashi, ko yana jin kamar kiyashi na yawo a yatsunsa. Wani kuma takalmi zai salluɓe masa bai sani ba. Mutane sukan ce sanyi ne, ko an taka sammu. Ba haka ba ne.

Jijiyoyin jiki iri biyu ne. Akwai masu ɗaukar jini, akwai kuma masu kai saƙo tsakanin fata da ƙwaƙwalwa, kamar wayar tangaraho. Idan sukari ya yi shekaru yana yawa cikin jini, sai ya lalata masu kai saƙon. Mafi tsawo su ke fara lalacewa, shi ya sa abin yakan fara daga yatsun ƙafa, ya hau sama sannu a hankali. Kusan rabin masu ciwon sukari sukan gamu da wannan.

To, ina magani? Hanyoyi uku ne.

Na farko, riƙe sukari daidai. Tun 1921 aka gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada, amma sai a 1993 aka tabbatar da amfanin kiyaye shi sosai. An bi mutum 1,441 a Amurka da Kanada, aka ga waɗanda suke auna jininsu a kai a kai, suna yin allura sau uku ko fiye a rana, lalacewar jijiya ta ragu musu da kusan kashi 60 cikin 100. Jijiyar da ta riga ta mutu da wuya ta dawo, amma ana iya tsare sauran. Kada a tsallake allura, kada kuma a ƙara ta ba da izinin likita ba. Zafi yana kashe ƙarfin insulin. Wanda ba shi da firji, ya sa kwalbar cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen rairayi, a inuwa.

Na biyu, rage raɗaɗi. Likita yana iya rubuta amitriptyline, ko gabapentin, ko pregabalin, ko duloxetine. Suna sa mutum ya samu barci, amma ba su gyara jijiya, kuma sukan kawo jiri. Akan fara da kaɗan, a jira ƴan makonni. In wannan bai karɓe ka ba, a canza wani. Kada a sayi tramadol wajen ƴan talla, don yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi.

Na uku, tsaron ƙafa. Ƙafar da ba ta ji ba ta kuka. Ƙaya za ta shiga a gona, ta zama gyambo, har a kai ga yanke ƙafa. Saboda haka:

1. A duba ƙafa kullum. Lokacin alwala ya isa. A tsane tsakanin yatsu.
2. Kada a yi tafiya ba takalmi, balle kan rairayin bazara. A zazzage takalmi kafin a sa.
3. Da ɗari kada a kara ƙafa kusa da wuta. A taɓa ruwan wanka da gwiwar hannu tukuna.
4. A shafa mai a dunduniya saboda faso.
5. Ban da tsaga, ban da ƙaho, ban da sakiya a ƙafa.
6. A bar taba da giya.

Mai ciwon sukari ya je a gwada masa ƙafa sau ɗaya kowace shekara. Ku sani kuma kuturta da ƙarancin bitamin B12 su ma suna kashe ji, likita ne ke rarrabewa. In an ga rauni, ko kumburi, ko baƙi a yatsa, kada a kwana. A nufi gidan likita mafi kusa, su kuma su tura Mirya ko babban asibitin Zinder.

Tambayoyi ga ƴan ajin yaƙi da jahilci: Me ya sa ciwon ke farawa daga ƙafa? Wa zai duba wa tsohon da ba ya gani sosai ƙafarsa a gidanku? Ku tattauna da malaminku.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.