Ganin Hadari Ba Ya Cika Randa: Jan Kunne ga Masu Hoto kan Jita-jitar Sababbin Kyamarori

Ana saura kwanaki kaɗan Sallah ƙarama wani ɗan ƙanwata da ke sana'ar hoto a Mallawa ya same ni zaune a zaure. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya miƙo mini wayarsa. Wani Bature ne a bidiyo yana ta zuba, a gefensa hoton wata kyamara baƙa wul tana juyawa, an jera lambobi a ƙasa.

"Kawu, ka ga wadda za ta fito. Megafiksel ɗari ce, kuma ko cikin duhu tana gani. Na sami mai sayen tawa, zan cika da kuɗin ragona in ba wani a Kano kafin alƙalami."

Na ce, "Wane kamfani ne ya ce za ta fito?"

Ya ɗan yi jim. "Ai kowa na faɗa."

Tasa ɗin da yake neman rabuwa da ita Canon 600D ce, ƙirar 2011, mai megafiksel 18. Da ita yake ɗaukar biki da suna da saukar karatu daga Mallawa har Dungass da Dogo-Dogo, da ita ya yi aure, da ita yake cefane. Zai sayar da ita ana gab da ranakun da mai hoto ya fi samun ciniki a duk shekara, saboda wata aba da babu wanda ya taɓa riƙe ta a hannu. Na san ba shi kaɗai ba ne. Duk matashin da ke da waya da ɗan kuɗin intanet, daga Magaria zuwa Damagaram, irin waɗannan bidiyoyi na biyo shi har shimfiɗa.

Bari mu fara da abin da yake tabbas. Kyamarar da aka saba gani a wuyan masu hoto tana da ɗan madubi a ciki, shi ke tura hasken da ya shigo ta lens zuwa tagar da ake leƙawa. In an danna, madubin ya ɗaga, labule ya buɗe, haske ya faɗa kan sensa, wato ɗan farantin da ya gaji fim. Wannan ɗagawar ce ƙarar "ƙwas" da yara ke kwaikwaya. Marar madubi kuwa an cire mata shi, haske na sauka kan sensa kai tsaye, abin da kake leƙawa ɗan ƙaramin allo ne kamar talabijin. Panasonic ne ya buɗe wannan hanya a 2008 da Lumix G1. Sony ya kawo ta ga babbar sensa a 2013 da A7, sannan Nikon da Canon suka biyo baya a 2018, ɗaya da jerin Z, ɗaya da jerin R. Yau kusan duk sabon abin da waɗannan kamfanoni ke ƙerawa a nan yake. Saboda haka wanda ya ce maka gaba ta marar madubi ce bai yi ƙarya ba. Tana da amfaninta: kana ganin hasken hoto yadda zai fito tun kafin ka danna, tana kama idon mutum ta bi shi ko yana tafiya, kuma a bidiyo ta yi wa tsofaffin nisa.

Inda gizo ke saƙa shi ne zancen "wadda za ta fito". A Amurka da Turai akwai mutanen da abincinsu ke nan: su ce wata majiya ta tsegunta musu, su haɗa hoton kyamarar da kwamfuta, jama'a su yi ta kallo, su kuma su karɓi kuɗin talla. In zancen ya tabbata su ce mun faɗa, in ya zama ƙanzon kurege su wuce zuwa na gaba. Wani lokaci takardar rajistar ƙirƙira suke gani, alhali kamfanonin Japan na yin rajistar ɗaruruwan dabaru a shekara waɗanda yawancinsu a kan takarda suke ƙarewa. Shekaru aka yi ana ba Canon R1 siffofi iri-iri da megafiksel masu ɗimbin yawa. Da ta bayyana a Yulin 2024, sai ga ta da 24.

Kai, ko bakin kamfanin da kansa ba ya zama kaya a kanti. A Fabrairun 2016 Nikon ya sanar da wasu ƙananan kyamarori uku masu suna DL, da hotunansu da farashinsu da lokacin fitowarsu. Aka yi ta ɗagawa, a Fabrairun 2017 ya ce ya fasa gaba ɗaya. Tun 2013 Panasonic da Fujifilm suka yi shelar wata sabuwar sensa da aka ce za ta sauya komai. An haura shekara goma ba ta shigo kyamarar da mai hoto zai saya ba. A 2015 Canon ya nuna sensa mai megafiksel 250, a farkon 2025 kuma ya ambaci mai 410, ya ce don aikin sa ido da likitanci da masana'antu. To in mai ƙera abu na iya fasawa bayan ya yi alkawari a bainar jama'a, me ya rage wa wanda ke Kano ko Dubai da ya ce ka turo rabin kuɗi ya ajiye maka? Wannan cinikin biri a sama ne. Kuɗi kuma in suka tsallaka iyaka, aka juya sefa ta koma naira, aka tura wa mutumin da lambar waya kaɗai ka sani, ba mai gari ba alƙali da zai karɓo maka su.

Sai batun megafiksel, wanda shi ne ƙugiyar da aka fi kama mutanenmu da ita, domin lamba ce, kowa kuma ya san ɗari ta fi ashirin. Megafiksel ɗaya ɗigo miliyan ɗaya ne. Hoton da aka fi wankewa a sa a albam, mai santimita 10 da 15, ɗigo miliyan biyu da ɗoriya yake buƙata ya fito tas. Babban da amarya za ta rataya a bango, girman takarda A3, miliyan 17 da ƴan kai sun ishe shi. Ke nan tsohuwar 600D ta ɗan ƙanwata ta riga ta cika wannan mudu. Mu kuma duba gaskiya: hotuna nawa ake wankewa yanzu? Yawanci ta WhatsApp ake tura wa mai biki, shi kuma WhatsApp matse hoto yake yi ya zubar da mafi yawan ɗigon. Ka sayi megafiksel sittin da kuɗin shanu biyu, a ƙarshe uwar amarya ta kalli hoton a fuskar wayar Itel.

Abin da ya fi lamba muhimmanci girman sensar ne. Babbar, wadda ta yi daidai da tsohon fim, milimita 36 ce da 24. Ta ƙananan kyamarori ba ta kai rabin faɗin wannan fili ba, ta waya kuwa ko farcen ɗan yatsa wata ba ta kai ba. Ka ɗauka gona ce: in ka yanka ƙaramin fili gida ɗari, kowane gida ruwan da zai tara kaɗan ne. Shi ya sa wayoyin da aka rubuta wa 108 ko 200 a bayansu suke haɗa ɗigo tara ko goma sha shida su zama ɗaya, su ba ka hoto mai megafiksel 12. Lambar tana jikin kwali, aikin kuma na goma sha biyu ne.

Akwai wani zance da ya cika bakin masu jita-jita yanzu, wato na sensar da ke ɗaukar hoto gaba ɗaya a ƙiftawa guda. Galibin sensa layi-layi take karanta haske daga sama zuwa ƙasa, kamar almajiri na bin allonsa da yatsa. In abu na gudu sosai, kafin ta kai layin ƙarshe ya gusa, sai ka ga mashin mahayi a hawan Sallah ya lanƙwashe, ko hoto ya yi zane-zane a ƙarƙashin wasu fitilun zamani. Sony ya magance wannan a A9 III da ya sanar a Nuwamban 2023. Gaskiya ne, aiki ne na ban mamaki. Amma lokacin da ta fito farashinta ya kusa dala 6,000 ba tare da lens ba, abin da ya haura sefa miliyan uku, megafiksel ɗinta 24 ne da ɗan ɗori, kuma waɗanda suka gwada ta sun nuna cewa a tsabtar hoto cikin ƙarancin haske wasu da ba su kai rabin kuɗinta ba sun ɗan fi ta. An yi ta ne don masu ɗaukar tseren motoci da gasar Olamfik. Mai ɗaukar ango da abokansa sun jeru sun ƙame kamar sojoji, me zai yi da ita? Ko kokowa ce, labulen ƙarfe na tsohuwar kyamara yana tsayar da ɗan kokowa a sama ba tare da ya karkace ba.

Abubuwan da suka shafe mu kuwa ba za ka ji su a waɗancan bidiyoyi ba, don masu yin su ba su san Afrilun Damagaram ba. Buɗe littafin kusan kowace kyamara, za ka ga an rubuta ta yi aiki tsakanin awo 0 da 40 na zafi. Mu kuwa a bazara 40 ɗin ce muke wucewa tun kafin azahar. Lokacin da Canon R5 ta fito a 2020 ana ta kururuta bidiyonta na 8K, kamfanin da kansa ya ce wajen minti 20 take yi ta ɗau zafi ta tsaya, kuma a ɗaki mai awo 23 aka auna. Daga baya sun rage matsalar da gyaran manhaja, amma ka ƙiyasta ta a filin biki da rana tsaka. Ga cin wuri: a mafi nauyin wannan bidiyo, memori mai giga 64 ba ya kai minti biyar, memorin ma na musamman ne mai tsada, kwamfutar da za ta iya tace shi kuma wani jarin ne daban.

Batir ma haka. Da yake allo da sensa a kunne suke koyaushe, marar madubi ta fi shan caji. A ma'aunin da kamfanonin suka yarda da shi, Nikon D750 mai madubi tana ba da hoto 1,230 a caji ɗaya, Nikon Z6 ta farko 310, Canon RP wajen 250. A garin da sai ka kai batir wurin mai cajin waya da hasken rana ka jira layi, wannan ba ƙaramin zance ba ne. Ba mu manta ba yadda Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a Agustan 2023, ba ta dawo ba sai Maris 2024. Wanda zai koma marar madubi ya sa kuɗin batir biyu ko uku cikin lissafi, kuma ya yi hattara da jabu, don sun cika kasuwa, wasu har kumbura suke yi a cikin kyamara.

Sai ƙura, babbar abokiyar gaba. A tsohuwar kyamara madubi da labule na tsare sensa. A yawancin marasa madubi, da ka cire lens sai ga ta tsirara tana kallonka. Wasu ƙirar ne kawai ke sauke labule in an kashe su. Ka yi haka a kasuwar Maigatari ranar Alhamis cikin hunturu, shanu na tayar da ƙasa, duk hoton da ka ɗauka bayan nan da ɗige-ɗige zai fito a sararin sama da kan farar shadda. Na taɓa ganin wani ya hura sensa da baki, ya bi da gefen rawani ya goge. Yawun ya bar tabo, rawanin ya bar ƙarci, gyaran sai da aka kai birni aka yi makonni. A canza lens a cikin ɗaki, a kashe kyamarar, a kifa bakinta ƙasa, a hure da ƴar robar iska da aka yi don haka.

Wani tarkon kuma ya fi kusa da aljihun talaka fiye da duk waɗannan manyan. Da sunan "marar madubi" ya yi farin jini, sai ƴan kasuwa suka shiga shigo da na hannu waɗanda masu su suka daina yi. Samsung ya fita daga sana'ar kyamara, Nikon ya rufe jerin Nikon 1 a 2018, Canon ya bar jerin EOS M, har da M50 da ake yawan tallatawa. M50 ba mummunar kyamara ba ce, in an same ta da araha tana aiki. Sai dai a san cewa lens ɗin da aka yi mata ba ya hawa sababbin jerin R ko da adafta, saboda haka duk abin da ka tara a kanta nan zai tsaya. Tsofaffin lens na Canon masu madubi kuwa suna hawa R da adafta su yi aiki lafiya. Na Nikon ma suna hawa Z, illa wasu tsofaffi da sai dai ka riƙa saita su da hannu. Wannan kaɗai ya isa ya hana mutum zubar da lens ɗinsa a farashin gwanjo.

In ka je Kano ko kasuwar Dole sayen ta hannu, kada kunya ta hana ka zama. Sa memorinka, ka ɗauki farin bango bayan ka tsuke ƙofar lens, ka buɗe hoton ka nemi tabo. Rufe lens da murfinsa ka ɗauki duhu, ka ga ko akwai ɗigo ja ko shuɗi da ba ya gusawa. Ka sa a duba maka sau nawa aka danna ta tun fitowarta, don labule ma yana da iyakar kwana. Ka bar ta tana bidiyo minti ashirin kana riƙe da ita a tafin hannu. Mai kayan da ya ce sauri yake yi, ka bar masa kayansa.

Ɗan ƙanwar tawa dai bai sayar ba, ko da yake ya fita yana gunaguni cewa mu tsofaffi ba ma son ci gaba. Da muka zauna muka duba hotunansa, matsalar ba ta sensa ba ce: yawancin bikin da yake ɗauka bayan magariba ne, fuskoki na fitowa duhu. Kuɗin ragon ya sayi filasha ta ɗorawa, da ƙaramin lens mai milimita 50 wanda ke shan haske sosai, da batir guda. Ran Sallah na hango shi a filin idi, ya naɗe kyamarar da tsohon ɗankwalin matarsa saboda ƙura, yara sun yi masa layi.