NA'URAR DA AKA SAYA A KULLE: WA KE DA IKO DA ITA?

Mutumin da ya taso daga Doguwa ko Tudun Wada ya shiga birnin Kano ya sayo ɗan akwatin nan na shiga intanet da ake kira MiFi, sau da yawa sai ya koma gida zai gane cewa layin kamfani ɗaya kaɗai yake karɓa. To, a ƙauyukan da ke gefen dajin Falgore, har zuwa Kiru da Bebeji, akwai wuraren da sabis na wani kamfani yake kaiwa, na wani kuwa ba ya kaiwa. Idan aka yi rashin sa'a sai kuɗin mutum ya kwanta, ga na'ura a hannu amma babu amfani.

Wannan rikici tsakanin mai sayarwa da mai saye ba a nan ya fara ba. Cikin shekarar 1999 wani kamfani mai suna Netpliance da ke birnin Austin a Jihar Texas ta Amurka ya fito da wata na'ura da ya kira i-Opener, wadda aikinta shi ne shiga intanet da aika saƙonni ta wayar tarho. An yi ta sayar da ita a kan dala 99, alhali kuwa an ƙiyasta cewa abin da aka kashe wajen ƙera kowace ɗaya ya kai dala 300 ko fiye. Dabarar kamfanin ita ce ya mayar da asararsa daga kuɗin wata-wata na kusan dala 22, domin kuwa an kulle na'urar yadda ba ta shiga intanet sai ta hannunsa.

A farkon shekarar 2000 wani injiniya a birnin Las Vegas, Ken Segler, ya kwance na'urar, sai ya tarar ashe cikakkiyar kwamfuta ce aka ɗaure wa hannu. A cikinta akwai gurbin da ake haɗa faifan ajiya, sai dai jerin haƙoran gurbin a juye suke. Ya haɗa wata igiyar waya da ta daidaita jerin, ya sa faifai irin na ƙaramar kwamfuta, sa'an nan ya ɗora mata Linux a madadin QNX. Waɗannan biyu kowace babbar manhaja ce, watau ita ce ke ba sassan na'ura umarni, kuma ita ke yanke abin da mai na'urar zai iya yi da wanda ba zai iya ba. Wanda ya canja ta ya canja maigidan na'urar ke nan.

Labari ya bazu, jama'a suka yi ta saye ba tare da biyan kuɗin wata ba. Kamfanin ya shiga toshe sassan na'urar da danƙo mai tauri, ya tsaurara sharuɗɗan ciniki, ya ɗaga farashi zuwa dala 399, amma duk a banza. Cikin 2001 ya riga ya bar wannan sana'a, ya koma TippingPoint. A shekarar ce kuma ya amince zai biya tarar dala 100,000 bayan hukumar kula da ciniki ta Amurka ta tuhume shi da ɓoye wa masu saye ainihin kuɗin da za su kashe.

Irin aikin da Segler ya yi shi ne abincin samari da yawa a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Suna buɗe waya da MiFi, wani lokaci da lambar sirri, wani lokaci kuma sai sun goge manhajar da kamfani ya sa sun zuba wata, abin da suke kira fulashin. Amma fa aikin yana da haɗari. Idan manhajar ba ta dace da samfurin ba, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar zubawa, na'urar tana iya mutuwa gaba ɗaya. Har ila yau garantin kamfani ya faɗi, kuma manhajar da ba a san asalinta ba tana iya satar bayanan mai ita. Bugu da ƙari, ɓarayin waya ma wannan ƙofa suke nema, shi ya sa ya kamata mai gyara ya nemi rasit kafin ya taɓa kayan kowa.

Tun cikin 2013 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta ba jama'a damar komawa wani kamfani da lambarsu, amma wannan dama ragaggiya ce muddin na'urar da ke hannun mutum tana kulle. A Amurka sai da aka kafa doka cikin 2014 wadda ta halatta wa mai waya ya buɗe abinsa. Kamfanin da ya karya farashi yana da haƙƙin ya mayar da kuɗinsa, amma wajibi ne a rubuta wa mai saye ƙarara cewa kayan a kulle yake, a kuma yanke wa'adin da za a buɗe shi. Kafin a kai ga haka, duk wanda zai ba da kuɗinsa ya fara tambayar dillali ko na'urar tana karɓar kowane layi, ya kuma gwada ta nan take, gama Hausawa sun ce araha ba ta ado.